Takardar da Ba Ta Yi Sallama Ba

Musa, kai ka jawo wannan rubutun. Da ba ka zo ranar Juma'ar nan ka zauna mini a bakin tabarma ka ce in saurari takardar da ka shirya wa 'yan uwanku na Sakkwato a kan gonar Dogarawa ba, da na bar maganar nan ta bi ni kabari, don ba ta da daɗin tunawa. Ka karanta da Ingilishi kana gyara murya, sannan ka juya mini ita da Hausa. Na ji kwanan wata, na ji kan magana, na ji buƙata, na ji sunanka da na ubanka. Na tambaye ka ina gaisuwar.

"Inna, irin wagga ba a sa mata gaisuwa."

Ka ga na karɓe takardar na tura ƙarƙashin tabarma, ka ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Amsar nan na taɓa jin ta, kusan kalma da kalma, daga bakin wani mutum tun kana goye, kuma takardar da ya faɗi haka a kanta ita ta jawo shingen aguwar da kuka taso kuka iske ya raba gonar kakanku biyu. Ku a nan kun girma da labarin cewa Baba Sanda ya yi wa babanku ƙwace. Su a can sun girma da labarin cewa babanku ya so ya kai wansa kotu. Duka biyun ba haka aka yi ba, kuma ni kaɗai na rage a cikin waɗanda suka ga abin da idonsu. Yanzu da ajin yaƙi da jahilci ya ba ni hannun rubutu, gara in rubuta, don in na faɗa da baki kowannenku zai ɗauki gefen da ya yi masa daɗi.

A shekarar muna zaune a Konni, bayan tasha. Ni 'yar Illela ce, ta nan arewa ba ta ƙetaren iyaka ba, aure ya kawo ni cikin hayaniyar kamyo, manyan motocin kaya, da kabu-kabu. Babanku aikinsa shiga tsakanin direbobin albasa da 'yan duwan, wato kwastan, yana cika musu takardu. Faransanci yana da shi daidai gwargwado tun daga lakwal, makarantar boko, amma 'yan kasuwar ƙetare ba ruwansu da Faransanci, Ingilishi suke rubutowa. Kullum sai ya nemi mai karanta masa, kuma ba ya taɓa sanin ko abin da aka karanta masa shi ne abin da ke rubuce. A tasha kuwa ba a yarda da kowa, har wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya. Da ya gaji sai ya shiga wajen wani Ticha Garba, tsohon malamin makaranta daga can ƙetare, wanda ya kama shago kusa da kasuwa yana koya wa manya Ingilishi bayan la'asar. Ni tun ranar da na fara ganin mutumin nan ban yarda da shi ba. Ga tabarau rataye da zare a wuya, ga yawan tambaya, wane ne ubanka, ina ne garinku. Na ce a raina, mutum ya bar ƙasarsa da tsufansa ya zo ya tare a Konni, ba banza ba.

Babanku dai ya kama karatu da zafinsa. Wata rana ya dawo ina tankaɗe, ya ɗauki tsinke ya ja layi a ƙasa a gabana.

"Rabi, ashe takardar Ingilishi iri biyu ta. Akwai ta abokai, akwai ta manya."

"To, mi yar raba su?"

"Ta abokai, da hannu kaka rubuta ta, ka tambayi lahiya, ka yi ba'a in ka so, ka sa sunanka na gida ƙasa. Ta manya ko ba wasa cikinta. Adireshinka bisa, nashi ƙasa da naka, ka sa kwanan wata, ka sa kan magana ka ja mishi layi, ka hwaɗi buƙatarka kai tsaye, ka sa hannu da cikakken suna. Ba a ɓata ma babba lokaci."

Na ce Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da tankaɗena, don rabin kunne na ba shi. To a nan aka haihu a ragaya. Shi Ticha Garba da ya ce manya, yana nufin shugaban buro, wato ofis, ko babban duwan, ko mai kamfani, mutumin da aiki kaɗai ya haɗa ku. Shi kuwa babanku abin da ya ji shi ne duk wanda kake cire wa takalmi. Kuma a duk faɗin duniya ba wanda yake cire wa takalmi da sauri kamar wansa.

Ku ba ku san Alhaji Sanda da ƙarfinsa ba. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma ya ba babanku shekaru masu yawa, shi ya riƙe shi bayan rasuwar kakanku kafin shi Alhajin ya ƙetare ya yi karatu a can, ya yi aikin gwamnati a Sakkwato har ya ajiye. Mutum ne mai kwarjini, ba mai yawan dariya ba. In ya zo ganin gida yakan tsokani babanku ya ce ya yi masa Turancin hanci ya ji, wato Faransanci, jama'a su yi dariya, babanku ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya ba, ban taɓa ganin babanku ya dubi tsakiyar idonsa ba. Gonar Dogarawa kuwa tasu ce su biyu, ba a raba ba. Tudunta ana gero, amma gangarenta fadama ce mai riƙe ruwa, tana nan kwance awakin gari suna kiwo a kai. Burin babanku ke nan a duniya: ya haƙa rijiya a fadamar, ya yi noman albasa da rani, ya huta da gudu bayan kamyo da ganin fuskar 'yan duwan. Ba rabo yake nema ba. Izini kawai yake so wansa ya ba shi.

A lokacin salula ba ta shigo hannun kowa ba. Abin da aka saba, ƙane ba ya tunkarar wansa da irin wannan magana da kansa, sai ya nemi dattijo a dangi ya ba shi goro ya je ya yi masa baki. Na ce masa mu yi haka.

"A'a. So nikai Yaya shi ga ƙanenai ya zama mutum. Da Ingilishinsu za ni rubuta mishi, irin ta manya, shi san na girmama shi."

Ya yi kwanaki yana rubutawa yana gogewa. Ya kai wa Ticha Garba ya gyara masa, amma kunya ta hana shi ya ce wansa ne, sai ya ce wani babban ma'aikacin gwamnati ne a Sakkwato da suke da maganar gona. Ya kai wa mai buga takardu na bakin gidan waya aka buga masa da tafireta, har da kwafi, don Ticha ya ce takardar manya ba a aika ta sai an ajiye 'yar uwarta. A ƙarshenta ya ce yana jiran amsa a rubuce. Ya sa ta a doguwar ambulan irin ta buro, ya ba wani direba da ya sani, ya ce hannu da hannu. Na tuna fuskarsa ran nan, kamar wanda ya aika da ragon layya.

Shiru. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa. Direban ya rantse ya ba da ita hannu da hannu, ya ce Alhaji ya karanta a tsaye, ya ninke, bai ce masa ko ka gaida gida ba. Sai ga labari daga Dogarawa wai Alhaji Sanda ya zo gari da wasu baƙi biyu masu igiyar awo, sun zagaya gonar, sun shige zauren maigari sun daɗe. Kun san hanya. Ba yadda za a yi mutum ya taso daga Sakkwato zuwa Dogarawa bai ratsa Konni ba. Ya wuce ta ƙofar tasha, ya wuce bakin lungunmu, bai tsaya ya sha ko ruwa ba, ya dawo ya sake wucewa.

Daga ranar gidanmu ya koma gidan raɗa. Ni na ce sayar da gonar zai yi, baƙin nan masu saye ne. Na fara bin mutane ɗaya bayan ɗaya a zuciyata. Na zargi direban, na ce ya buɗe ambulan a hanya ya kai wa wani. Na zargi Ticha Garba, na ce dama yawan tambayar nan tasa ta leƙen asiri ce, ya ji akwai fadama ya tsegunta wa wani attajirin ƙetare. Na zargi Hajiya Kulu, matar Alhaji, wadda ba ta taɓa son zuwansa gida ba, ita kam har yau ban gama wanke ta ba, Allah ya jiƙanta. In maƙwabciya ta shigo aron turmi sai in ga kamar kunne ta kawo. Babanku ya rage cin abinci, ya zauna yana juya kwafin takardar nan yana neman inda ya yi kuskuren harafi, bai samu ba. Abokansa na tasha suka sa shi gaba.

"Idi, kana barci. Wanka ɗan boko na. Kahin ka ankara ya yi ma gonag ga takarda da sunanai. Tai ka ji bakin maigari tun da wuri."

Bai so ba, amma ya je. Tambaya kawai ya yi, me Yaya ya zo yi. Maigari ya ce ba zai yi magana ba sai su biyun suna zaune. Kafin babanku ya dawo Konni labari ya kama hanyar Sakkwato cewa Idi ya je wajen maigari yana neman shaidu. Duk abin da ɗaya ya yi don ya kare kansa, ɗayan sai ya ga an ɗaura masa yaƙi, kuma ba wanda ya buɗe baki ya tambayi ɗan uwansa.

Bayan girbi maigari ya kira su. Ni ma na je, na zauna cikin mata a bayan dangar zaure inda ake jin komai. Alhaji Sanda bai dubi inda ƙanensa yake ba. Ya ce a raba gona, kowa ya san nasa. Dattawa suka yi ta ba shi baki, suka ce ubanku bai bar muku ita don ku ja mata layi ba. Sai ya ɗaga murya.

"Ni na goya yaron nan. Ni na yanke masa wandon lakwal. Yau ya rubuto mini da cikakken sunansa da sunan ubansa, kamar ban san ubansa ba. Tun da takarda yake so, a yi masa takarda."

Duk wurin aka juya ana duban babanku. Da ya ce kalma ɗaya, da ya ce Yaya me na yi, da watakila an tsaya nan. Amma ba a yi masa tarbiyyar mayar wa wansa magana a gaban jama'a ba. Ya dubi ƙasa, shirunsa ya zama shaida a kansa. Aka ja igiya, aka yi ƙuri'a, gangaren ruwa ya faɗa wa Alhaji, tudu ya faɗo mana. Kafin sati an dasa aguwa a tsakani.

Maganar sunan uban nan ita ta hana ni sakat. Ban san Ingilishi ba, ban ma san ta Hausa a rubuce ba a lokacin, don haka ban taɓa sanin ainihin abin da ke cikin takardar ba sai abin da babanku ya faɗa mini, cewa ya roƙi izini cikin ladabi. Na ce lalle Ticha Garba ya cusa wani abu a wajen gyara. Wata safiya bayan babanku ya fita na zaro kwafin, na goya ka, na yafa mayafi, na nufi shagon mutumin nan da niyyar in tara masa kasuwa.

"Malam, karanta mini wagga da Hausa. Kada ka rage, kada ka ƙara, don zan kai ma wani shi sake karanta ta."

Ya dube ni ta saman tabarau, bai ji haushi ba. Ya karanta a hankali. Daga wane, ɗan wane, mazaunin Konni. Zuwa ga wane, a Sakkwato. Kan magana, neman izinin amfani da fadamar gonar gado. Ina rubuto maka ne domin kaza da kaza. Ina jiran amsa a rubuce. Sa hannu. Ba zagi a ciki, ba ƙarya, ba abin da aka cusa. Na jira ya ci gaba, na ga ya ninke.

"Ina gaisuwar?"

"Uwargida, irin wannan ba a sa mata gaisuwa. Ta ofis ce."

"Wane ohis? Wanai na fa. Uwa ɗaya, uba ɗaya."

Mutumin nan ya cire tabarau ya ajiye a kan benci, ya yi salati. Ya ce wallahi da ya san wansa ne da ya yaga ta da hannunsa. Ya ce a can wajensu, in ɗan uwa ya aiko wa ɗan uwa takarda bugaggiya a kan gado, da kan magana da layi a ƙasa, da neman amsa a rubuce, to kowa ya san daga teburin lauya ta fito, sammaci na biye. Alhaji kuwa ya yi rayuwarsa yana ganin irinta. Ni da ban yi boko ba ma, da na ji ta da Hausa sai da na gane inda aibin yake. Ka shiga gidan wanka ba sallama, ba ina kwana, ba ina iyali, ka tsaya a tsakar gida ka ce ga abin da nake so. Daga baya muka ji ashe Alhaji bai daɗe da tashi daga jinya ba lokacin da ta same shi, ya buɗe yana tsammanin sannu.

Da na faɗa wa babanku sai ya ce shi fa mafi girmar ya zaɓa masa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa yi masa faɗan da na tanada.

Muka koma wajen Ticha mu biyu aka shirya ta biyu, irin ta zumunci, da hannun babanku. Ticha ya ce a Ingilishi layi ɗaya ko biyu na gaisuwa ya isa. Na ce bai isa ba. Na sa aka gaida Alhaji, aka yi masa sannu da jiki, aka gaida Hajiya Kulu duk da abin da ke raina, aka kira 'ya'yansa kowa da sunansa, aka tambayi damina, aka ba shi labarin haƙoranka da suka fara fitowa. Ba a ambaci gona ba ko sau ɗaya. Ticha yana juyawa yana girgiza kai, yana cewa wannan Hausa ce aka sa wa rigar Ingilishi. Muka aika, muka sa rai. Direban nan dai ya dawo da amsa ta baki.

"Alhaji ya ce in ce maka ya gani. Ya ce waccan ta lauya ce, wannan kuma wa ya koya maka daɗin baki? Ya ce sai da ka ga ruwa ya faɗa gefensa ka tuna yana da iyali."

Nan na gane cewa in zargi ya riga ya zauna a zuciya, har gaisuwa tarko take zama. Ban ga laifinsa duka ba, don ni ma da ya aiko mana da buhun shinkafa a lokacin da sai na zazzage shi na duba ƙasansa.

Haka muka zauna shekaru, sai a wajen ta'aziyya a haɗu a yi musabaha da yatsu. Babanku ya ci gaba da gudu bayan kamyo. Ingilishinsa ya yi kyau, har wasu suka riƙa kawo masa nasu takardun, kuma duk wanda ya zo abin da yake fara tambayarsa shi ne, jini ya haɗa ku ko aiki. In muka je Dogarawa da damina yakan tsaya a bakin aguwar nan yana kallon fadama, ciyawa ta cinye ta, don Alhaji bai sayar ba, bai kuma noma ba. Baƙin da na rantse masu saye ne, ashe shaidu ya ɗauko don kada a kai shi kotu ba shiri.

Sai da muka ji Alhaji ya kwanta ciwon da bai tashi ba babanku ya ce in shirya mu tafi. Bai riƙe takarda ba, goro kawai. Ina zaune a bakin ƙofa kusa da Hajiya Kulu ya cire takalmi ya shiga ya durƙusa a gefen gado, shi ma a lokacin furfura ta kama shi. Ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya tambayi gajiya, ya bi mutanen gidan ɗaya ɗaya har jikoki, ya dawo ya sake daga farko. Alhaji yana amsawa da ƙyar. Can ya miƙo hannu ya kama wuyan hannunsa.

"Idi, da haka ka zo mini tun farko, da na ce ka je ka nome ta duka. Ni me zan yi da albasa a Sakkwato?"

Ban taɓa ganin babanku ya yi kuka irin na ran nan ba. Bai ce a kira shaidu ba, bai ce a gaya wa 'ya'yan ba, ya ce ba zai sake haɗa wansa da maganar gona ba ko da kalma. Alhaji ya rasu a cikin watan. 'Ya'yansa ba sa ɗakin, ba su ji ba, Hajiya Kulu kuwa ko ta faɗa musu ko ba ta faɗa ba, Allah ya sani.

Yanzu kai, Musa, ka sayi injin ban ruwa kana son fadamar nan, kuma ka yi karatun da ya fi na babanku, takardarka ba ta da aibu ko ɗaya. Tana nan ƙarƙashin tabarmata, ba zan ba ka ba. Waɗanda za ka aika wa sun girma suna jiran ranar da gidan Idi zai sake aiko da doguwar ambulan, kuma sun san inda lauya yake. Ka ɗauki ƙannenka, ka sayi goro, ku hau mota ku je. Ku cire takalmi. Ku gaishe su har su gaji da amsawa, ku ci abincinsu, ku kwana. Kada ka ambaci gona sai sun tambaye ka abin da ya kawo ka, ka ce zumunci, sun sake tambaya.

Babanku ya iya takarda iri biyu, ba wanda ya fi shi a tashar Konni. Ya mutu bai haƙa rijiyarsa ba.